Kambirij, Garin Matar da Ta Auna Gonakin Batagarawa

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar King's Cross ta Landan ba ya cika awa guda yake sauke mutum a Kambirij. Tun daga taga za ka ga ƙasar a shimfiɗe take, ba tudu ba dutse, gonakin alkama da sha'ir sun miƙe iya ganinka. Kana fitowa daga tasha, kekuna ne za su fara tare maka ido. An yi musu gini na musamman mai hawa-hawa, dubbai a jere, kowanne da sarƙarsa. A wurinmu idan malamin jami'a ya hau keke sai a fara tambayar ko lafiya. A can kuwa dattijo mai furfura, wanda ake karanta littattafansa a Masar da Sin, shi ne zai wuce ka a kan tsohon keke, kwandon gaba cike da takardu, kuma ba mai waiwayarsa.

Jami'ar ta faro tun 1209, amma ba ta da katanga guda da za a nuna maka a ce ga harabarta. Kwalejoji 31 ne warwatse cikin gari, tsakanin kantuna da gidajen mutane. Tsarin tsofaffin cikinsu ba zai yi wa Bakatsine baƙunta ba, don kamar gidajen sarauta na cikin birni suke: babbar ƙofa, zaure da mai tsaronsa, ka wuce ka tarar da fili, ka ƙara wucewa ka tarar da wani, baƙo kuma yana da iyakar inda zai tsaya. Ta bayansu Kogin Cam ke bi, ɗan siriri, samari na tura kwale-kwale da doguwar sanda. Ciyawar filayen a gyare take tsaf, kuma a wasu kwalejojin manyan malamai ne kaɗai aka yarda su taka ta.

Ɗiyar yayata ce ke karatu a can, ita ta yi mini jagora. Ta tsara za ta kai ni majami'ar Kwalejin King's da sauran wuraren da ake kai kowane baƙo. Na ce mata duk za mu je, amma akwai wadda nake son bin sawunta tukuna.

"Wace ce, Kawu?"

"Polly Hill."

"Ba na jin na santa."

"Baturiya ce, ɗiyata. Ta fi ni da ke sanin gonakin Batagarawa."

Duk ɗan Katsina ya san Batagarawa. Ka ɗauki hanyar Dutsin-ma, kafin ka gama gyara zama ka iso. A 1967, zamanin Sarki Usman Nagogo, shekarar da aka ƙirƙiro jihohi 12 yaƙin basasa kuma ya ɓarke, garin ƙauye ne mai mutum kimanin 1,400, mil 6 kudu da birni, mazaunin hakimi Mallamawa. A shekarar ce wannan mata, tana da shekara 53, ta zo ta zauna watanni tana bin gona-gona da gida-gida. Abin da ta samo ya fito a 1972 cikin littafin *Rural Hausa: A Village and a Setting*, wanda har yau duk mai nazarin tattalin arzikin karkarar Hausa sai ya bi ta kansa, ko ya yarda da shi ko ya yi jayayya.

Muka fara da titin Sidgwick, inda Kwalejin Newnham take. Gine-ginen jan bulo ne masu fararen tagogi, da lambu mai faɗi wanda ɗalibai ke kwance a ciyawarsa suna karatu. Kwalejin mata ce tun kafuwarta a 1871, kuma har yau mata kaɗai take ɗauka. Da ɗalibai biyar ta fara, a wani gidan haya. Ɗaya daga cikinsu Mary Paley ce, kuma ba a fahimtar labarin Polly Hill sai an bi ta nata.

A 1874 Mary Paley ta zauna jarrabawar ƙarshe ta fannin da ya ƙunshi falsafa da tattalin arziki. Ba a yarda mace ta shiga zauren jarrabawa ba, sai aka zaunar da ita da wata abokiyar karatunta a falon gidan wani malami, wasu malaman da ke goyon bayan karatun mata suna karɓo takardun tambayoyi suna kawo musu da sauri. Masu dubawa huɗu suka rabu biyu, biyu suka ba ta daraja ta ɗaya, biyu ta biyu. Digiri dai babu, don jami'a ba ta ba mata. Shekara na zagayowa Newnham ta kira ta ta koyar, ta zama mace ta farko da ta koyar da tattalin arziki a Kambirij. A 1877 ta auri malaminta, Alfred Marshall, suka koma Bristol inda ta ci gaba da koyarwa, kuma a 1879 suka fitar da littafin *The Economics of Industry* da sunayensu su biyu. Littafin ya samu kasuwa. Amma da Marshall ya zama babban malamin tattalin arzikin Ingila gaba ɗaya, sai ya bar littafin ya ƙare ba a sake buga shi ba, kuma lokacin da aka tayar da maganar ba mata digiri a 1896 da 1897, yana cikin masu adawa da babbar murya. Matar da ke taya shi gyaran rubuce-rubucensa a gida ita ce hujjar da ta fi kowace rusa maganarsa, bai gani ba.

Da ya rasu a 1924, littattafansa suka zama tushen ɗakin karatun tattalin arziki na jami'a, ita kuma ta riƙa zuwa a kan keke tana kula da su, tana taimakon ɗalibai, ba albashi, har ta doshi shekara 90. Ta rasu a 1944. Ɗakin karatun yana nan tsallaken titi daga Newnham, ana kiransa Marshall Library. Na tsaya ina kallon ɗalibai na shiga da fita, mata ba su gaza maza yawa ba.

Ɗiyar tawa ta zagaya da ni wata ƙofar Newnham ta tagulla mai ado. A 1921, da aka sake kaɗa ƙuri'ar hana mata cikakken digiri, ɗalibai maza suka yi gangami suka zo suka daki wannan ƙofa da amalanke har suka lalata ta. A daidai shekarar ake aza harsashin Kwalejin Katsina, wadda ita ma ta maza ce zalla, don haka ba ni da bakin yi wa kowa gori. Sai a 1948 Kambirij ta fara ba mata digiri daidai da na maza, shekara 28 bayan Okasfod. Abin da ya burge ni shi ne ba sa ɓoye wannan tarihi. Yana cikin littattafansu, suna ba baƙo labarinsa da bakinsu, da shekara da sunan wanda ya yi.

Cikin wannan gari aka haifi Polly Hill a watan Yuni 1914, a gidan da ilimi ya yi wa yawa. Mahaifinta, A. V. Hill, ya samu kyautar Nobel ta 1922 kan binciken yadda tsokar jiki ke aiki. Kawunta, wan mahaifiyarta, shi ne John Maynard Keynes, mutumin da ya sauya tunanin gwamnatocin duniya kan rashin aikin yi da kashe kuɗin hukuma. Kakarta Florence Keynes tana cikin ɗaliban Newnham na farko-farko, daga baya ta zama magajiyar garin Kambirij a 1932. Polly ta bi sawun kakar, ta karanta tattalin arziki a Newnham ta gama a 1936, shekarar da babban littafin kawunta ya fito. Ita ma takarda mai ɗauke da sunan digiri kawai aka ba ta, ba cikakken matsayin 'yar jami'a ba.

Wanda ya fito daga irin wannan gida, ana zaton hanya a share take gabansa. Tata ba ta miƙe ba. Ta yi aikin gyaran rubutu a ƙungiyar masana tattalin arziki ta Ingila, ta rubuta littafi kan tallafin marasa aiki wanda ya fito a 1940, ta shafe shekarun yaƙin duniya da bayansa tana aikin gwamnati, daga baitulmali zuwa ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka. A 1951 ta koma aikin jarida a mujallar mako-mako ta *West Africa*. Sai da ta kai shekara 40 ta shiga aikin jami'a, a Legon ta ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast.

A can ta yi aikin da ya fara fito da sunanta. Tun kusan 1911 ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da koko, kuma abin da Turawa suka ɗauka shi ne ƙananan manoma ne kowa ya dasa 'yan itatuwa a bayan gida, abin ya taru ya yi yawa. Polly ta samu taswirorin gonaki da ma'aikatar gona ta zana lokacin yaƙi da wata cutar koko, ta ga wasu gonakin dogaye ne sirara a jere, wasu kuma a cakuɗe. Sai ta tafi ta tambayi masu su dalili. Ashe tun wajen 1890 mutanen tsaunukan Akwapim da Krobo da maƙwabtansu ke haɗa kuɗi ƙungiya-ƙungiya, su yi ƙaura zuwa dazuzzukan Akim Abuakwa, su sayi fili mai yawa wurin sarakuna, su yanka wa kowa gwargwadon kuɗinsa. Ribar gona ta farko su sayi ta biyu da ita, su ɗauki 'yan ƙwadago, har gadoji suka ba da kwangilar ginawa a kan Kogin Densu da kuɗinsu. 'Yan jari-hujja ne na gaske, ba wani bature da ya koya musu. Littafin ya fito a 1963. A Gana ɗin ne kuma ta fara cuɗanya da Hausawa, a kasuwar shanu ta Kumasi, inda ta yi nazarin yadda maigida ke saukar da fatake, dillali ya haɗa ciniki, a sayar da garke bashi ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗi su fito. Daga nan hankalinta ya karkato Arewa.

Ɗiyata ta aro mini *Rural Hausa* daga ɗakin karatu, muka zauna da shi a lambun Newnham. Na taɓa karanta shi a gida, kwafin da aka ɗauka a inji, shafuka sun dushe. Wannan kuwa da bangonsa, da taswirorinsa raɗau, gefen shafukan ya yi duhu saboda yawan hannu. Wato a wannan gari mai sanyi akwai waɗanda suka zauna suka yi ta nazarin wane ne ke da jaki a Batagarawa, wane ne ba shi da shi.

Tambayar da ta kai ta ƙauyen mai sauƙin faɗi ce. Masu tsara manufofi a Kaduna da Legas da Landan sun ɗauka manoman karkara duk ɗaya suke, tunda ƙasa a yalwace take kuma kowa da fartanya yake noma, talaucinsu ɗaya, buƙatarsu ɗaya. Ita kuma ta ce a je a gani. Ta lissafa gidajen noma 171, ta auna gonakinsu, sannan ta yi abin da mai digirin tattalin arziki na wancan zamani zai ga ƙasƙanci ne: ta tambayi mutanen gari da suka san kowa, su kasa mata gidajen gwargwadon yadda suke jure yunwar damina kafin sabon hatsi ya shigo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suka kasa su huɗu. Akwai waɗanda ba sa jin yunwar, har su taimaki wasu. Akwai masu isar kansu. Akwai waɗanda take taɓawa, akwai kuma waɗanda take kayarwa duk shekara. Da ta ɗora wannan kaso a kan awon gonaki, sai ga shi gonar taki ta gidan da ke kason farko ta ninka ta na ƙarshe fiye da sau biyar. Garmar shanu, jakuna, manyan rumbuna, fataucin hatsi da na taba, duk sun taru a hannun 'yan tsiraru.

Inda littafin ya fi kama ni shi ne bayanin yadda talauci ke hana mutum noma alhali ga daji nan kyauta, kowa na iya shara. Rumbun talaka kan ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Ranar da ya kamata ya yi noman farko a gonarsa, ranar ce iyalinsa ba su da abin ɗorawa, dole ya tafi ƙwadago gonar mai hali ya samo na awo. Kafin ya juyo kan tasa ciyawa ta ci ƙarfinta. Ba shi da dabbobin da za su tara masa taki, wanda ya ɗan taru a gidansa ma wani lokaci sayar da shi yake, ba shi kuma da jakin kai shi gona. Kaka na yi, ga haraji ga bashi, sai ya sayar da ɗan abin da ya samu a lokacin da hatsi ya fi araha. Mai hali ya saya ya zuba a rumbu, ya jira bazara ta wuce farashi ya hau, ya sayar wa wannan talakan dai. Idan abin ya yi tsanani sai jinginar da gona, daga jingina sai sayarwa. Kowane ɗan ƙauye ya san wannan zagaye, kakata ma ta san shi. Amma kafin Polly Hill ba kasafai aka rubuta shi da alƙaluma, gida-gida, ta yadda mai zama a ofis ba zai iya musantawa ba.

Ta kuma bi diddigin gandu: 'ya'ya maza, har masu aure, suna noma ƙarƙashin uba, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya yanka wa kowa gayauna. Ta ga gandun mai hali ne ke ɗorewa, don yana da abin riƙe 'ya'yansa, na talaka kuwa tun da wuri yake watsewa. Amma ta lura cewa uba na rasuwa ake raba gonaki, gandun 'yan'uwa kuma bai cika daɗewa ba, saboda haka ɗan mai arziki ba shi da tabbacin zama mai arziki. A kan wannan ta tsaya cewa bambancin da ta gani mai tsanani ne, amma bai zama aji na gado da ba a fita daga cikinsa ba.

Sai maganar mata, wadda na karanta wa ɗiyata da ƙarfi har wata ɗaliba da ke kusa ta ɗago kai. Batagarawa ta wancan lokaci ba ta da kasuwa, matan aure kuma kusan duk suna cikin kulle. Baƙon da ya shigo da takardar ƙidaya zai rubuta cewa ba ciniki a garin, mata kuma ba su da sana'a. Polly, da yake mace ce, ta wuce zaure ta shiga cikin gida. Ta tarar kasuwar tana nan, a rarrabe take cikin ɗakuna. Wannan gida ana awon gero da dawa, wancan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na gaba fura ko ƙosai, yara ne ke kai da kawowa, su ke talla, su ke kawo labarin farashi daga gida zuwa gida har ya daidaita. Manomin da ke son sayar da hatsinsa kaɗan-kaɗan ta hannun matarsa yake bi. Kuɗin mace kuma nata ne, tana iya ranta wa mijinta ta kuma bi shi bashi. Ta buga wannan bincike a 1969, tun kafin hukumomin duniya su fara maganar sana'o'in da ba sa shiga lissafin gwamnati.

"Kawu, ai wannan Hajiya ce take bayani," in ji ɗiyata. Kakarta take nufi, wadda ta aurar da 'ya'ya mata da kuɗin man gyaɗa ba ta taɓa taka kasuwa ba.

Kashi mai yawa na littafin, can baya, jerin bayanai ne bisa tsarin abacada, kan amfanin gona da ma'auni da sana'o'i da al'adun gado da bashi. Mutum na iya buɗe ko'ina ya karanta.

Washegari muka nufi Clare Hall, can yamma da kogi, bayan babban ɗakin karatun jami'a. Shi wannan ɗakin karatu, mai doguwar hasumiya da aka gama a 1934, doka ta ba shi haƙƙin karɓar kwafin duk littafin da aka buga a Birtaniya, kuma abin da ya shiga ba a zubar da shi. Na daɗe ina kallon ginin ina tuna takardun tarihi da na ga gara ta cinye a wasu ɗakunan ajiya na gida. Clare Hall kuwa ba ta da hasumiya ko tsohuwar ƙofa. An kafa ta a tsakiyar shekarun 1960 don masu bincike da manyan ɗalibai, ginin bulo ne mara tsawo, kuma babu teburin manya a ɗakin cin abinci kamar sauran kwalejoji. Farfesa da ɗalibi layi ɗaya suke bi, benci ɗaya suke zama, ga yara na wasa a tsakar gida. Nan ce ta zama gidan Polly Hill bayan ta baro Gana a 1965, kuma na ga ta dace da ita.

Don gaskiya jami'ar ba ta san inda za ta ajiye ta ba. Masana tattalin arziki na ganin aikinta ba lissafi ba ƙa'ida, tambayar ƙauyawa ce kawai. Masana halayyar al'umma kuma na ganin ba a cikinsu ta tashi ba. Digirinta na uku a 1967 ta same shi, a fannin nazarin al'umma, ƙarƙashin kulawar Joan Robinson, wadda ita ma duk da littafinta na 1933 da ya girgiza fannin tattalin arziki, sai a 1965 aka ba ta kujerar farfesa. Polly ba ta taɓa samun irin wannan kujera ba. Mafi girman muƙaminta shi ne na Smuts, na nazarin ƙasashen Kwamanwel, daga 1973 zuwa 1979, kuma na wa'adi ne. A nan Kambirij ta yi rowa. Amma ta ba ta ɗaki, da ɗakin karatu, da 'yancin faɗin abin da ta gani ko da ya saɓa wa manya, kuma maɗaba'ar jami'ar ta buga mata littattafai shida tsakanin 1963 da 1986. Na shiga kantin maɗaba'ar a titin Trinity, na ga yadda ake jera littafin da aka rubuta kan ƙauyen Afirka kafaɗa da kafaɗa da na Newton da Darwin, ba a ware shi can lungu ba.

Ba ta tsaya a Batagarawa ba. A 1971 da 1972 ta zauna a Ɗorayi, gefen birnin Kano, inda jama'a ta yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, ta tarar da manyan gidaje da wasunsu ke ɗauke da mutum fiye da ɗari, ta kwatanta halin wurin da yadda yake a 1900. Littafin ya fito a 1977. Daga nan, tana da shekara sama da 60, ta tafi ƙauyukan Karnataka a kudancin Indiya, ta dawo ta rubuta littafin 1982 da ya jera manoman hatsi na can da na ƙasar Hausa. A 1986 ta fitar da *Development Economics on Trial*, inda ta gurfanar da fannin tattalin arzikin raya ƙasa gaba ɗaya. Ƙararta ita ce alƙaluman da gwamnatoci da hukumomin duniya ke bugawa kan amfanin gona da girman gonaki a ƙasashe irin namu yawanci ƙiyasi ne da aka yi daga ofis, sannan a gina manufa a kansu, a ranto kuɗi a kansu. Ba ta da sassauci a rubutu, tana kiran sunan littafi da marubucinsa ta nuna inda ya kauce.

Ita ma ba ta tsira daga suka ba, kuma wasu sukar suna da tushe. Ta ƙura wa ƙauye ido har abin da ke wajensa ya yi mata ƙanƙanta: harajin En'e, hukumar sayen gyaɗa da ke yanke farashi, kamfanonin Turawa, da yadda mulkin mallaka ya sauya noman abinci. Michael Watts, wanda ya yi nasa binciken a Kaita bayan farin shekarun 1970, ya ba wannan ɓangare nauyi a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewa. Ni a ganina ƙauye ɗaya na watanni ba ya wakiltar ƙasar Hausa, kuma Batagarawa, da kusancinta da birni da zaman hakimi a cikinta, ba kowane ƙauye ba ce. Sai dai masu sukar da kansu alƙalumanta suke ɗauka su yi jayayyar da su, don ita ce ta je ta auno.

Batagarawar da ta sani yanzu hedikwatar ƙaramar hukuma ce, birni ya miƙo hannu ya kusa haɗe ta. A kan hanyar Dutsin-ma ɗin aka gina jami'ar jiha da aka kafa a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'adua, kuma ana koyar da tattalin arziki a cikinta, 'yan mata cike da azuzuwa. Gonakin taki da yawa na gefen hanya sun zama fuloti. Wanda zai ɗauki taswirar 1967 ya bi ta gona-gona ya ga hannun wa kowace ta faɗa, jikokin kason farko ne suka sayar ko na huɗu, da nawa, kuma me suka yi da kuɗin, zai rubuta littafin da za a karanta har a lambun Newnham. Ƙauyuka kaɗan ne a Afirka ke da irin wannan ma'auni na shekara fiye da hamsin da za a waiwaya a gwada da shi.

Ranar Juma'a muka yi salla a sabon masallacin titin Mill, wanda aka buɗe a 2019. Ginshiƙansa na katako ne da aka lanƙwasa suka haɗe a sama kamar rassa, haske na shigowa ta rufi, sahu ya haɗa Bature da Balarabe da ɗan Bangaladash da mu. Bayan an sallame muka hau jirgi zuwa Ely, arewa da Kambirij, don in ga yankin da Polly Hill ta ƙare rayuwarta. Ƙasa ce da a da fadama ce mai ruwa, aka yi ƙarnuka ana haƙa magudanai ana janye ruwan har ta zama baƙar ƙasar noma mafi albarka a Ingila, dankali da albasa da gwozar sukari ko'ina. Da tsufa ya hana ta tafiya Afirka, sai ta juya kan mutanen wannan fadama, ta shiga tsofaffin takardu tana binciken su wane ne su da yadda suka rayu, ta buga abin da ta samo. Ta kuma haɗu da ɗan kawunta, Richard Keynes, suka tace wasiƙun da Maynard Keynes da matarsa Lydia suka rubuta wa juna, aka buga a 1989. A ƙauyen Isleham na wannan yanki ta rasu ranar 21 ga Agusta 2005, tana da shekara 91.